Amsa Ga Masu Cewa Ƙoshi Ne Ke Damuna

 Tun ranar da na ɓaro zancen yawon buɗe ido a kogi ban sake shan shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ba. Wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari ya aiko a gaya mini ƙoshi ne ke damuna, wai da ana bi na kuɗin haya da ban tuna da kwale-kwale ba. Wata Hajiya daga Zariya ta ce wannan ai yawon rufe ido ne, tunda wanda ya tafi ba lalle ya dawo ya ba da labari ba. Shi kuwa wani malamin makaranta Bakatsine, cikin ladabin nan nasu mai ƙaiƙayi, tambaya ya yi: wai wannan kayak da nake ta ambato, kayan wa ne, kuma wa zai ɗauka?

To ku gyara zama, yau ɗaya bayan ɗaya zan bi ku. Amma bari in fara tona wa kaina asiri kafin ku tona mini. Ni Bakano ne, kogin da na tashi na gani shi ne Jakara, wanda ko kwaɗo sai ya toshe hanci kafin ya faɗa. A gidanmu, yaron da aka ji labarin ya je kududdufi, dukan da zai sha ya fi ruwan da ya sha yawa. Saboda haka tsoron ruwa gadona ne kamar yadda yake gadonku, jirgi ɗaya ya kwaso mu. Bambancinmu kawai, ni nawa jirgin ya taɓa barin gaɓa.

Malam Bakatsine, kai zan fara sallama. Kayak ba kayan kowa ba ne, ɗan siririn jirgi ne na mutum ɗaya ko biyu, rufaffe ta sama, sai ɗan ramin da za ka zura ƙafafu ka zauna a ciki. Filafilinsa baki biyu gare shi, ka tsoma dama ka tsoma hagu. Asalinsa na mutanen Inuwit ne, mazauna ƙasashen ƙanƙara irin su Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, waɗanda suke ɗinka fatar dabbar teku a kan firam na itace ko ƙashi su fita farauta da shi. Na yanzu kuwa roba ce mai ƙarfi, ɗan saurayi ma yana iya saɓa shi a kafaɗa. Ka ga amsar tambayarka ta biyu ke nan: kai za ka ɗauka, daga baya shi ya ɗauke ka. In bayanin bai gamsar da kai ba, ka gangara Pategi ka tambayi Nufawa. Na san za su karɓe ka hannu bibbiyu, don sun daɗe suna neman Bakatsinen da zai shigo musu jirgi.

Ranar da na fara shiga kayak, a wani wurin shaƙatawa ne na bakin ruwa, kuma na je da shigar Juma'a: babbar riga, hula zanna, takalmi sau-ciki. Yaron da ke kula da jiragen ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, ɗaurin aure za a je a tsallake?" Da kyar ya raba ni da babbar rigar, ya ɗaura mini rigar kariya, ya ja maɗaurinta har sai da tuwon jiya ya motsa. Ya ce in zauna a miƙe, in tokare ƙafa, in tura da ƙugu ba da dantse ba. Na ce masa na gane, alhali babu abin da ya shiga kunnena. Ya tunkuɗa ni. Na tsoma filafili a dama da ƙarfin mai sassabe, jirgi ya juya hagu. Na rama a hagu, ya juya dama. Cikin minti biyar na ga fuskar yaron nan sau bakwai ba tare da na matsa ko taku goma ba, ina ta kewaya wuri ɗaya kamar raƙumin mai yin man ridi. Da haushi ya ishe ni na leƙa gefe in ga abin da ke riƙe ni, sai ga ni a ƙarƙashin jirgi. Kafin in gama salati rigar nan ta cillo ni sama kamar gora. Ruwan ma, da na miƙe tsaye, iya ƙirji ne. Hular ce dai ta ci gaba da yawon buɗe idon ba ni, har yau ba ta aiko da saƙo ba.

Na ji dariyarku har nan, Allah ya ƙara muku lafiya. Amma ku riƙe maganar rigar nan, za mu dawo mata.

Bayan kayak, na biyu shi ne jirgin roba da ake hura wa iska, mai ɗaukar mutum shida zuwa takwas da jagora a baya. Da shi ake gangara kogi inda ruwa ke karo da duwatsu yana kumfa. Masu wannan sana'a sun kasa haukan ruwa aji shida: aji na 1 ko jariri ba zai farka ba, aji na 6 kuwa ko su da suka ƙware ba su cika kusantarsa ba. A ƙasan magangarar Biktoriya, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, inda kogin Zambezi ke ratsa kwazazzabon Batoka, tun 1981 ake wannan gangara, kuma akwai gurabe da dama 'yan aji 5. Kowane gurbi da lambarsa da laƙabinsa, har akwai wanda suke kira Masan Shaiɗan. A nan, Hajiya, na ba ki rabin gaskiya, don ni ma ban ce kowa ya kai kansa masan Shaiɗan ba. Sai dai ki ji wannan: in suka iso gurbi na 9, akasari fitowa suke yi su zagaye shi da ƙafa a kan duwatsu. Kin ga ko a cikin masu wannan hauka akwai lissafi.

Na uku ba sai na gabatar muku da shi ba, kwale-kwale ne, ɗan gida. Kuma a kansa ne nake so mu yi ta da masu cewa duk wannan al'adar Turawa ce. Gaskiya ne wani Bature ɗan Birtaniya, John MacGregor, shi ya tallata yawon nishaɗi a ƙaramin jirgi. A 1865 ya sa aka ƙera masa ɗan jirgi ya raɗa masa suna Rob Roy, ya bi kogunan Turai da shi, a 1866 ya fitar da littafin tafiyar, ya kuma kafa ƙungiyar masu tuƙi. Kimanin shekara ɗari da sittin ke nan, kamar jiya.

Yanzu ku zo mu je Yobe. A 1987, kusa da ƙauyen Dufuna a ƙaramar hukumar Fune, wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya don shanunsa, ya kai zurfin kamar mita 5, sai ya ci karo da wani abu mai tauri. Bahaushe ya ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, shi wannan bawan Allah ya tona neman ruwa ya samo jirgin ruwa. Masana daga jami'o'in Maiduguri da Farankfot ta Jamus suka zo suka auna: kwale-kwale ne sassaƙaƙƙe daga gungume ɗaya, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000. Ba a taɓa samun jirgin da ya girme shi a Afirka ba, a duniya ma yana sahun farko. Ya girmi dalar Fir'aunan Masar da dubban shekaru. Barebari, ku yi haƙuri, a ƙasarku tarihin yake kwance, amma sai da Bafulatani ya zo ya tono muku. Wannan shari'ar ba ni zan yanke ba. Abin da na sani, mutumin da ya sassaƙa jirgin Dufuna bai jira MacGregor ya koya masa riƙon filafili ba.

Sai kai, Alhaji na Kwari. Na san ba ka jin yare sai na ciniki, to ga shi. A Botsuwana akwai fadamar Okabango, wadda hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2014, ita ce ta cika na 1,000. Abin da baƙi suka fi so a wurin shi ne a zaunar da su a mokoro, wato kwale-kwalen gungume, mutumin ƙauye ya tsaya a baya yana tura su da doguwar sanda cikin ciyayi. Babu inji, babu kujerar laushi, babu abin da ɗan fiton Wuya ko na Jega bai iya ba. Kasuwar ta buɗe har suka ga in ba su yi hankali ba za a sare manyan itatuwansu kaf, suka koma ƙera jiragen da roba mai kamar itace. A Jinja ta Yuganda, inda kogin Nilu ke fita daga tafkin Biktoriya, baƙo kan biya sama da dala 100 don a gangara da shi wuni ɗaya, a jiƙa shi jagab, ya fito yana godiya. Da yawa daga jagororin nan 'ya'yan ƙauyukan bakin kogin ne. Da madatsar Bujagali ta shanye wasu guraben a 2012, ba su rufe shago ba, gaba suka matsa. Kai da kake zuwa har Dubai da Caina saro atamfa, ka taɓa jin hajar da ake sayarwa yau, gobe a tarar da ita a inda aka bar ta? Kogi ke nan. Mai jirgi ya sayar da shi da safe, ya sake sayar da shi da yamma.

Kuma ba daga sama za mu fara ba. Bikin kamun kifi na Argungu tun 1934 ake yin sa, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 UNESCO ta amince da shi cikin al'adun duniya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Matan Fada ya ga dubban masunta sun ruga da homa da gora, ya ga kabanci, tseren jirage da nutso da kamun agwagwar ruwa, ya san Kabawa ba baƙin ruwa ba ne. Yauri ma tana da bikin Rigata. Matsalar ita ce, biki kwana kaɗan ne, kogi kuwa yana nan duk shekara. Baƙo ya zo ya kalla daga rumfa, ya tafa, ya shiga mota. Ba wanda ya ce masa, "Ga jirgi, zo in nuna maka bayan wancan gungun."

Ni na roƙa aka nuna mini, a Yauri, wani watan Janairu. Na sauka bakin ruwa da sassafe, hazo ya rufe tsallake, ana ta lodin buhuna da babura. Na sami wani dattijo yana kwarfe ruwa daga jirginsa da ɓarin jarka. Na gaishe shi, na ce ina son fito.

"Ina za a kai ka, Malam?"

"Ko'ina, Baba. Mu je mu dawo."

Ya ajiye jarkar. "Saƙo za ka kai?"

"A'a."

"Wani abu ya faɗa maka a ruwa?"

"A'a, Baba, kallo kawai."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "Malam, lafiya dai ko?"

Kun ga ashe kuna da wakili har a bakin kogi. Da muka daidaita, na sa rigar kariyar da na zo da ita, ya zaunar da ni a tsakiya, ya ce ko maciji na gani kada in miƙe. Muna barin gaɓa hayaniya ta yanke kamar an rufe ƙofa. Babu abin da nake ji sai ɗigar ruwa daga filafili. Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya a kan wani kututture bai ko kula mu ba. Wani yaro a nasa ɗan jirgin ya wurga birgi, ta buɗe a sama kamar faifai, ta sauka ba ƙara. Na ce, "Baba, wata uku ba a yi ruwan sama ba, ina kogin nan ya samo wannan cika?" Ya ce baƙon ruwa ne, daga nesa yake zuwa kowace shekara da sanyi. Kuma haka ne. Ruwan daminar da ya sauka a tsaunukan Gini sai ya bazu a fadamun Mali ya yi watanni yana jan ƙafa, sannan ya biyo ta Yamai ya iso nan cikin hunturu. Kogin nan ya haura kilomita 4,000, ni kuma ina zaune a kan ruwan da aka yi a wata ƙasa tun ina sanye da rigar damina.

Can sai na ga ya karkata jirgi ba gaira ba dalili. Ya nuna mini wani wuri da baki, inda fuskar ruwan ta ɗan yamutse. "Kututture ne a ƙasa. Inda ka ga ya yi sumul kamar an zuba mai, nan ne zurfi." Ni duk ruwa ɗaya nake gani, shi kuwa karanta shi yake kamar allo. Muka kusa wata ciyawa, ya ƙwanƙwasa gefen jirgi da filafili sau uku, muka yi nesa da ita. Ya ce dorina ba ta son a yi mata shigar ba-zata, sallama ake yi mata. A nan na tuna da Baturen nan Mungo Park, wanda jagoransa ya sauka a Yauri, shi ya wuce gaba, a 1806 jirginsa ya maƙale a duwatsun Busa, aka yi artabu, ruwa ya ci shi. Tsohuwar Busar ma yanzu tana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968.

Da muka dawo na ba shi abin da muka yi alkawari, na ƙara masa. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ga ya fi abin da lodin safiya zai ba shi, ga shi bai ɗauki buhu ko ɗaya ba. Ya soke a aljihu ya ce, "Malam, in kana da 'yan'uwa masu irin wannan lalurar, ka turo mini su." Alhaji, kai na fara tunawa.

Yanzu Hajiya, ranki ya daɗe, zan ajiye wasa, don maganarki tana da nauyi. Ba mu manta da Wara ta jihar Kebbi ba, a watan Mayun 2021. Ba mu manta da ɗaliban Islamiyyar da ruwan Bagwai ya ci a watan Nuwamban 2021 ba. Ba mu manta da Pategi ba, a watan Yunin 2023, inda sama da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki cikin dare. Allah ya jiƙansu da rahama. Amma ki duba abin da ake ta nanatawa bayan kowane haɗari: lodi ya wuce kima, tafiyar dare, tsohon jirgi, kututturen da ba a gani ba, kuma kusan babu mai rigar kariya. Waɗannan bayin Allah ba shaƙatawa suka je ba, kasuwa da gona da biki suka nufa, don ba su da wata hanya. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, wadda hedikwatarta ke Lakwaja, ta daɗe da hana tafiyar dare da hawa ba riga, amma doka a takarda ba ta tare ruwa.

Ki kwatanta da yadda masu jirgin roba suke yi a ruwan da ya fi namu hauka. Ba ka taka jirgi sai da riga da hular kwano. Kafin a tashi sai an zaunar da kowa an koya masa abin da zai yi in ya faɗa: ya kwanta rigingine, ƙafafu a gaba, kada ya yi ƙoƙarin tsayawa a ruwa mai gudu. An ƙirga mutane, ba a ƙara ko ɗaya, ko da surukin mai jirgin ne. Ga masu ceto a kayak suna biye. Rana na yin sanyi an fito. Wannan tarbiyyar ita muke nema a mashigan kogunanmu, kuma ɗan fiton da ya saba ɗaukar baƙon da ke cewa "ina rigata?" zai fi saurin ajiye riguna a jirginsa fiye da wanda jami'i ke tsorata shi sau ɗaya a shekara. Kin tuna rigar da ta cillo ni sama? Kuɗinta bai kai na leshi ɗaya ba.

Saura 'yan ƙananan ƙorafe-ƙorafe. Masu tsoron 'yan ruwa, na tambayi Baba, ya ce shekarunsa duk a kogi bai taɓa jin sun ja mai rigar kariya ba, wataƙila launin ne ba sa so. Masu maganar tsargiya, kun yi gaskiya, a kwantaccen ruwa mai dodon koɗi ake ɗaukarta, don haka a zauna a cikin jirgi, a bar wanka a kududdufi. Masu maganar tsaro, ku ma gaskiyarku, akwai gaɓoɓin da yanzu ko mutanen wurin a ɗarare suke, kuma ba a jayayya da ɗan gari kan inda za a je. Masu cewa ɓata lokaci ne kuwa, na lura daga majalisar da suka zauna tun la'asar suka aiko da saƙon.

Saboda haka ga gayyata. Bayan damina, in ruwa ya kwanta, ku sami mashigin da hankali ya kwanta da shi, ku je da hantsi. Ku gai da Sarkin Jirgi, ku nemi dattijon da ya san ruwan, ku sa riga, ku yi addu'ar hawa, ku zauna inda aka ce. Awa ɗaya ta isa. In kun sauka ku biya shi da daraja, kada ku taya kamar kuna sayen tumatir. Alhaji, ka bar babbar riga a gida. Malam Bakatsine, Nufawa na jira. Hajiya, ke kuma na yarda ki fara da Kubanni, tunda ruwan Zazzagawa ke nan. In kun dawo kuka ce ban yi gaskiya ba, shayin majalisa na wata guda a wuyana. Wanda kuma ya ga wata hula zanna tana tafe a kan ruwa, tawa ce, a taimaka a kamo mini.